Daminar da Tsauni Ya Sauko wa Gangare

Jiya bayan azahar aka yi ruwan da ya fi kowane ƙarfi a daminar bana. Kusan mako uku muka yi babu ko yayyafi, gero har ya fara murɗe ganye, sai ga shi sama ta juye mana na wata guda a zama ɗaya. Ina zaune a bakin ɗaki, rufin kwano na ƙara kamar zai tsage. Jikata Bilki, wadda ke karatu a Kazaure ta zo hutu, ta ce mini wai haka damina ta koma a ko'ina yanzu, a daɗe ana jira, in ruwan ya zo kuma ya zo da faɗa. Sauyin yanayi suke ce masa. Na ce mata mu nan mun san faɗan ruwa tun ba a haifi uwarta ba. Da aka ɗauke na ɗauki sandata na je na leƙa ƙorama. Ruwa na tafiya a cikinta a hankali, bai ko kai gaɓa ba. Na daɗe a tsaye, don ina nan da raina ranar da wannan ƙoramar ta ci mutum.

Garinmu a ƙasar Roni yake, unguwa biyu ne. Tsauni tana sama a jikin dutse, gonakinta duk tsakuwa. Gangare tana ƙasa, inda ƙasar noma ta kirki take, ƙorama ta ratsa ta tsakiya. Ni Hajara 'yar Gangare ce, aure ya kai ni Tsauni. Mijina sunansa Sale, amma ban taɓa kiransa da shi ba yana raye, Malam nake cewa, yanzu ma haka zan ce. A gidanmu na Gangare akwai Baba da Innata, da yayana Ado da matarsa Lantana, da jaririyarsu mai wata bakwai.

Shekara biyu a jere damina ta yaudare mu. Kafin bazarar shekara ta uku rumbunan Tsauni sun zama wurin kwanan kaji, kajin ma muka cinye. Da safe in dama kunun dusa, ruwa-ruwa, in sa kanwa don ya riƙe ciki. Da rana tafasa ce busasshiya, a dafa a matse a barbaɗa gishiri, babu ƙuli balle mai. Rijiya ta yi nisa har sai da muka ƙulla igiya uku, abin da guga ke fitowa da shi rabi laka ne, sai an bar shi ya kwanta. Zafin kuwa, da hantsi dutse ya ɗauki rana, ba ka iya taka shi ko da takalmi. Maza da yawa sun tafi cirani. Malam bai tafi ba, saboda mahaifiyarsa tana kwance ba ta ko iya juyawa sai an juya ta.

Ana cikin haka wata babbar mota ta fara zuwa gindin dutse daga birni, masu neman gawayi. Ka kawo buhun gawayi, ka tafi da masara. A lokacin jikin dutsen nan duhu ne: marke, ƙirya, kanya, tsamiya, ɗorawa, ga sabara da kalgo a ƙarƙashinsu, har akuya kan ɓata a ciki. Mutanen Tsauni suka faɗa masa da gatari. Daga an sallame asuba har magariba ba ka jin komai sai sara da faɗuwar itace. Aka haƙa ramuka, hayaƙi ya tsaya a kan unguwa ba ya tafiya, majinarmu ta koma baƙa. Da manyan suka ƙare aka koma kan ƙanana, da suka ƙare aka shiga tono saiwa. Malam yana cikin na gaba-gaba, don Allah ya ba shi ƙarfin dantse, marken da mutum biyu za su yini a kai shi kaɗai yake kayar da shi kafin azahar.

Wata rana Baba ya hau har gidanmu yana haki. Ya ƙi zama a tabarma. Ya ce, "Sale, ku dakata haka nan. Itatuwan nan su ke riƙe da ƙasar dutsen nan. Kun tsiraita shi, in ruwa ya zo mu zai faɗa wa."

Malam ya durƙusa ya ce, "Baba, na ji. Amma tsohuwa kwananta biyu ba ta ga ƙwayar hatsi ba kafin motar nan ta zo. Me zan ba ta?"

Baba ya dubi ɗakin tsohuwar, ya dube ni, ya juya ya sauka.

Da ya tafi Malam ya jawo buhun masara ya ɗebi rabi ya ƙulle a zane. Ya ce, "Kin ga yadda wuyan Baba ya koma? Kai musu. Kada ki ce daga nan ne, ba zai ci ba. Ki ce kawunki na Babura ne ya aiko." Haka na yi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk bazarar nan gidanmu na Gangare masarar gawayi suka ci, suna sa wa kawu albarka.

Ruwan fari ya sauka, aka fita da sungumi aka yi shuka. Ya tsiro, sai sama ta bushe. Muna kallo shukar ta ƙone. Aka sake samun ɗan ruwa, aka sake shukawa da ɗan irin da ya rage, wasu har da rancen iri daga dangi. Wannan ta kama. Gero ya kai gwiwa, mutanen Gangare suna noman farko, fuska ta fara sakewa.

Ranar wata Talata ce. Tun hantsi iska ta tsaya cik, zufa na zuba ko kana zaune. Bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, baƙin da ban taɓa gani ba, ƙasansa kuma ja. Iska ta fara zuwa, ta yaye rufin ɗakin girkina ta yi sama da shi. Sai tsawa, sai ƙanƙara kamar ana jifa, sai ruwa. Ba saukowa yake ba, zubowa yake. Na tsaya a bakin ƙofa ina riƙe da kyaure da hannu biyu, na ga abin da har yau nake gani in na rufe ido. Dutsen nan gaba ɗaya ya zama ruwa. Babu abin da zai tare shi, ko kututture ɗaya. Ya bi ta ramukan gawayi ya fito baƙi, ya kwashi ƙasa, ya kwashi duwatsun da namiji ba ya iya ɗagawa yana mirgina su suna karo da juna, ƙararsu ta fi ta tsawa. Duk ya nufi Gangare.

Malam na tsaye a bayana. Na ji yana ta maimaita innalillahi.

Lantana ta kai wa Yaya Ado abinci gona a hayin ƙorama. Da ta ga hadari ta ce bari ta yi sauri ta koma, ta bar jaririya wurin Innata, nono na damunta. Yaya ya ce ta tsaya a bukka, ta ce ƙoramar ko idon sawu ba ta kai ba. Gaskiyarta, ba ta kai ba. Tana tsakiya ruwan Tsauni ya iso, tsayinsa ya fi mutum. Yaya yana kallo daga gaɓa. Ya faɗa ciki, ruwan ya maka shi da wani dutse ya watso shi waje, haƙoransa biyu suka zube. Ita kuwa ko hannunta bai sake gani ba.

Sai da safe aka same ta, can ƙasa da gari, a sarƙe cikin ƙayar bagaruwa. Matan da suka yi mata wanka sun ce yashi suka riƙa cirowa daga bakinta, kitsonta kuma cike yake da gutsattsarin gawayi. Gonakin Gangare, inda gero ya kai gwiwa jiya, rabi sun koma fili na yashi da tsakuwa. Gonar Baba kwazazzabo ya raba ta biyu, zurfinsa ya shanye raƙumi.

Mu a sama ba mu san an yi rasuwa ba sai wajen hantsi, don ruwa ya yanke hanya. Malam ya yi wanka ya sa farar rigarsa, ni na yafa mayafi, za mu zagaya ta bayan dutse mu sauka. Muna fitowa ƙofar gida muka ji ihu. Mutanen Gangare ne, daga maƙabarta suka wuto kai tsaye, ƙafafunsu duk lakar kabari. Sun fi talatin. Da gora, da ƙotar fartanya, da adda, wasu da barandami. Yaya Ado ne a gaba, leɓensa a kumbure, jini ya bushe a gemunsa.

Samarin Tsauni suka hau kan falalen dutse suka fara sako duwatsu. Na ga dutse ya sami wani dattijo a goshi ya zauna daɓas, jini ya rufe masa fuska. Na ga an kama wani maƙwabcinmu an danne, ana dukansa har ya daina kare kansa. Aka cinna wa tarin buhunan gawayi wuta, aka cinna wa rumbuna, danga ta kama. Mata na kururuwa suna jan yara, awaki sun tsinke suna gudu cikin mutane. Wani saurayi ɗan Gangare, wanda muka yi wasan ƙasa tare, an tsiyaye masa ido ɗaya da tsinin sanda a gabana.

Malam bai gudu ba, bai kuma ɗauki komai ba. Ya tako ya tari Yaya ya ce, "Ado, yanzu muke jin abin da ya faru. Allah ya jiƙan..."

Bai ƙarasa ba. Yaya ya ce, "Da wane hannun ka sare itatuwan?" Ya ɗaga gora mai ƙarfe a kai. Malam ya kare da hannun dama, na ji ƙashin ya yi ƙara kamar an karya kara. Ya faɗi. Yaya ya taka masa kafaɗa ya sake sauke gorar a kan hannun, ya sake, ya sake. Farar rigar ta rine. Malam ko ihu bai yi ba, numfashi kawai yake ja.

Ban san lokacin da na faɗa kansa ba. Duka na biyar a bayana ya sauka, har yau in sanyi ya shigo wurin yana tuna mini. Na ɗago na riƙe ƙafar Yaya na ce, "Kashe mu duka! Amma ka sani, masarar da kuka ci duk bazara ba kawu ne ya aiko ba. Wannan hannun ne. Da ita Lantana ta sami nonon da ta ba 'yarka. Kai ma ka ci gawayin nan, Yaya, kai ma ka ci!"

Ya tsaya da gorar a sama. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya ce, "Ƙarya kike."

Na ce, "Je ka Babura ka tambaya."

Gorar ta sulale daga hannunsa. Ya juya ya bi hanyar sauka yana tangaɗi, bai waiwayo ba. Faɗan bai tsaya don ya tafi ba, sai da dagaci ya iso da 'yan doka bayan azahar. Ba a rasa rai ba a ranar, amma ɗaki bakwai sun ƙone, kuma mutane da yawa sun tafi da tabon da suka shiga kabari da shi.

Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ce ƙashin ba karyewa ya yi ba, dagargajewa ya yi. Hannun ya warke a lanƙwashe, manne da ƙirji, yatsun a dunƙule, ya shanye ya koma kamar na yaro. Da aka tara mutane gaban hakimi aka tambayi Malam wa ya yi masa haka, ya ce, "Ranka ya daɗe, hayaƙi ya yi yawa, ban ga fuska ba." Aka tambaye ni, na ce ni a ƙasa nake. Yaya na zaune a gefe, kansa a sunkuye.

A wurin ne wani malamin gona da aka turo ya yi magana. Mutum ne gajere mai sanyin murya. Ya ce ko an ɗaure mutanen Tsauni duka, baɗi ruwan zai sake saukowa, kuma zai fi na bana, don yanzu ya riga ya san hanya. Ya ce ruwan sama ya canja hali, ba za mu iya hana shi zuwa da ƙarfi ba, amma za mu iya hana shi gudu. A jera duwatsu layi-layi a gicciye a jikin dutsen tun daga sama har ƙasa, a dasa ciyawar jema da gamba a bayan kowane layi, a cike bakin kwazazzabo, kuma duk kututturen da ya yi tofo kada wanda ya taɓa shi, ko mutum ko akuya. Ya ce aikin ba na gari ɗaya ba ne, sai ƙauyukan bayan dutse har zuwa wajen Gwiwa sun shiga, tunda ruwan wani a gonar wani yake kwana. Hakimi ya ce haka za a yi, Tsauni da Gangare tare, kuma duk wanda aka sake gani da gatari a dutsen shi da hukuma.

Kakar shekarar ba a sami abin kirki ba. Da yunwar muka shiga aikin, muka yi rani muka shiga bazara muna ɗaukar dutse. Kowace Asabar da Laraba ake fita. Maza na fasawa suna jerawa, mata muna ɗauka a ka da gammo. Malamin gona na gaba da igiya da wani dogon tiyo mai ruwa a ciki, yana nuna inda layi zai bi. Da rana ta take dutsen yana ƙona tafin hannu sai mun naɗe da tsumma. Kunama kuwa, kusan kowane dutse ka ɗaga da tata, ni kaina sau uku tana harbina. Abincin rana gumba ce 'yar kaɗan da ruwa. Kuma kada a ɗauka an shirya. Mutanen Gangare na gefe, na Tsauni na gefe, ba a gaisawa. Sau biyu ana zare adda a kan wa ya ture layin wa. Akuyar wani ta ci tofon marke, aka yanke mata kunne aka aika masa da shi.

An ce Malam ya zauna a gida, ya ƙi. Ya ce shi ya fi kowa sara, shi zai fi kowa ɗauka. Da hannu ɗaya ba ya iya ɗora wa kansa, sai ni nake ɗaga masa in ɗora, ya tafi yana dafe da na hagu. Ga shi ina da ciki a lokacin. Wata Laraba cikin tsakiyar bazara, cikin ya tsufa, na sunkuya zan ɗaga wani dutse na ji marata ta ɗaure, na kasa. Na sake gwadawa na kasa. Malam na durƙushe yana jira, gammo a kansa, mutane na wucewa. Sai na ga inuwa a kanmu. Yaya Ado ne. Wata tara ke nan bai yi mini magana ba. Ya sunkuya ya ɗauki dutsen, ya ɗora a kan Malam, ya gyara masa gammon, ya riƙe har ya miƙe. Ya koma wurin aikinsa. Da Malam ya dawo ɗaukar na gaba, ya tarar da shi a tsaye yana jira da wani dutsen. Haka suka yi har aka tashi.

Damina ta zo. Ranar da aka yi babban ruwa na farko duk garin babu wanda ya shiga ɗaki. Mutanen Gangare sun kwashe yara sun hau tudu. Mu muna tsaye a cikin ruwan muna kallon layukan. Ruwa ya taho da fushinsa, ya daki layin farko ya tsaya, ya taru, ya tsallaka, ya daki na biyu. Layi biyu sun fashe, maza suka ruga cikin ruwan suna toshewa da duwatsu da jikinsu. Sauran suka riƙe. Kafin ya kai ƙasa ya gaji. Da aka ɗauke muka je muka ga jar ƙasa mai laushi ta kwanta a bayan kowane layi, har ƙafa na nutsewa. Baba ya ɗebo ta a hannu yana murzawa, hawaye na bin gemunsa.

Washegari da sassafe na ji motsi a gonar Malam da ke bayan gida. Na leƙa, Yaya ne da garmarsa, ya fara huɗa. Malam ya fito ya tsaya yana kallonsa. Can ya ce, "Ado, ba ta nan ake farawa ba. Gicciye za ka yi, in ka bi gangara ruwa zai tafi da ita."

Yaya ya ce, "To." Ya juya garmar.

Maganarsu ta farko ke nan tun ranar faɗan. Daga shekarar, kowace damina sai ya gama huɗar gonar Malam kafin ya taɓa tasa. Ba su zama abokai ba, ban taɓa ganin suna hira ko dariya tare ba. Gaisuwa ce da maganar gona, shi ke nan.

Dutsen bai dawo da wuri ba. Shekarun farko sabara ce kawai da ciyawa, sai da 'ya'yana suka yi wayo kafin marke ya yi inuwar da mutum zai zauna. Kowace bazara sai an fita an gyara layuka, yanzu ma ana yi, ko da yake samarin yau sai an yi ta kira. Rijiyar da muke ƙulla wa igiya uku yanzu ɗaya ta isa har ƙarshen rani. In ruwa ya yi jinkiri, geron da ke bayan layi yakan yi kwanaki yana tsaye bayan na fili ya kwanta. Kwazazzabon gonar Baba ya cike, jikokinsa na dasa rogo a wurin. Jaririyar Lantana ni na ƙarasa rainonta tare da ɗan da na haifa, yanzu ita ma tana da jikoki.

Malam ya rasu da kaka, bayan an gama yankan gero, ciwon kwana huɗu. Da aka zo wanka liman ya tambaya wa zai shiga daga dangi. Yaya Ado, lokacin shi ma ya tsufa yana dogara sanda, ya ce shi ne. Suka daɗe a ciki fiye da yadda aka saba. Da ya fito bai nufi wurin maza ba, ya zo ƙofar ɗakin da nake zaune ya durƙusa, hannayensa a jiƙe har gwiwar hannu.

Ya ce, "Hajara, hannun ya ƙi miƙewa. Na sa ruwan ɗumi, na yi ta lallaɓawa, ya ƙi."

Na ce, "Bar shi haka, Yaya. Ya daɗe da yafe maka."

Ya ce, "Ya faɗa miki?"

Na ce, "Tun ranar da ya ce bai ga fuska ba."

Ya kifa kansa a jikin bango ya yi kukan da ban ga ya yi ba ko ranar Lantana. Sai da aka kira shi sau biyu kafin ya tashi ya je ya kama makara.